Ranar da Ɗan Hayata Ya Yanka Mini Haraji

Jama'a ku taya ni murna, an kira ni mai gida a rubuce. Ba irin kiran da mai tumatur yake yi wa duk wanda ya gifta don a tsaya a yi ciniki nake nufi ba. Wannan a takarda yake, da tambarin hukuma a sama da sa hannu a ƙasa: ana gayyatar mai gida ya zo Ofishin Kula da Gidaje da Abin da Ya Yi Kama da Gida, ranar Laraba da ƙarfe tara. Sau huɗu na karanta wa maiɗakina. Da na gyara murya zan yi na biyar ta ce in na sake za ta kunna rediyo.

Saboda haka yau da sassafe na ciro rigar nan da ba ta ganin rana sai an yi babban baƙo, na ɗan taɓa turarenta ba da saninta ba, na hau babur ina jin kaina kamar wanda za a rantsar. Ban kai kwanar makaranta ba babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Na girgiza tanki, shiru, ko ɗigo. Haka mai gida guda ya naɗe hannun riga ya tura babur har gidan mai, inda na tarar da layin da sai ka yi tambaya kafin ka san inda wutsiyarsa take.

Ba ƙorafi nake yi ba, kada wani ya kai ni gaba. Makon jiya ma na ji Mai Girma Babban Mai Kwantar da Hankalin Jama'a a rediyo yana cewa mai ya yi yawa har an rasa inda za a zuba shi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, mutum mai irin wannan murya ba ya ƙarya. Man yana nan, mu ne ba mu iya nema ba.

A layin na gamu da Farfesa, rungume da jarka. Farfesa mai facin taya ne, rumfarsa tana jikin shagona, inda nake gyaran keken ɗinki shekara ashirin da biyu. Ba a banza ake kiransa haka ba. Daga ciwon baya har farashin zinare babu abin da ba shi da bayani a kai, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce bai sani ba. Shi ya jefa ni cikin wannan arziki, don haka bari in koma baya kaɗan, tunda layin ma ba motsi yake yi ba.

Bara war haka wani babban mutum, Allah ya ƙara masa kujeru, ya yi jawabi cewa zamanin talauci ya wuce. Kowa ya ci bashi ya sayi gida, ya zuba 'yan haya, gidan ya biya kansa da kansa, mai shi yana kwance. Wannan kalma ta kwance ita ta kama ni, ni da na ƙare ƙuruciyata a tsugune gaban kekunan mutane ina neman inda zare ya maƙale. Farfesa ya yago kwalin batir ya zana mini lissafi. A shekara shida gidan ya gama biyan kansa, a ta bakwai ya haifi ƙaninsa, a ta goma ina da layi guda, masu tasi suna kwatance da sunana. Na tambaye shi me ya sa shi bai saya ba. Ya ce shi aikinsa ba da shawara, kuma ba a haɗa sana'a biyu.

Maiɗakina ta saurari lissafin tana ƙulla ƙanƙara a leda, don sana'arta ke nan a ranakun da aka tuna da mu aka kawo wuta. Tambaya ɗaya ta yi, wai wa zai biya bashin a watan da gidan bai ji daɗin jikinsa ba. Na gaya mata irin wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba.

Na ci bashi a wani ƙaramin banki na 'yan kasuwa. Ranar sa hannu har da ruwan sanyi suka ba ni. Kuɗin bai isa ba, na je wurin wan maiɗakina, wanda nake ce wa Yaya duk da na girme shi da shekara biyu, kuma tun ranar da ya ƙirga mini kuɗin a tafin hannu nake faɗin Yayan da dukan zuciyata. Da haka na mallaki ɗaki biyu da falo a bakin gari, daidai inda kwalta ta gaji ta tsaya. Akwai famfo a tsakar gida, sabo fil, ba a taɓa ɓata shi da ruwa ba. Akwai turken wuta a ƙofar gida, dogo kyakkyawa, waya ce kawai ba a ɗaura masa ba. An yi alkawarinta kafin zaɓe, kuma ina da yaƙinin za a sake yi, domin mutanen nan ba sa manta alkawari, duk zaɓe sai sun tuna da shi sun maimaita.

Mu kuwa muna nan a ɗakin hayarmu, don in muka tare a gidan wa zai biya banki? Da tsohuwar da ke da gidan da muke ciki ta ji labari, ta tako har ƙofa ta yi mini barka, ta ce ashe yanzu mun zama abokan sana'a. A ƙarshen watan ta ƙara mana kuɗin haya, ta ce ai na fi kowa sanin tsadar siminti.

Da aka zo batun wanda za a ba gidan, Farfesa ya ce kada in kuskura in ba ɗan kasuwa, yau da shi gobe babu. In nemi ma'aikacin gwamnati, wanda albashinsa yake zuwa kamar fitowar rana. Allah ya kawo wani siririn bawan Allah mai farin gilashi da jakar hannu, da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Ya ce aikinsa buga hatimi a wani ofis. Ban tambayi wane ofis ba, jakar ta ishe ni shaida. Muka sa masa suna Mai Hatimi. Mutum ne mai ladabi har ka ji kunya, yana gaishe ni da rusunawa, iyalinsa duka suna ce mini Baba Mai Gida, abin da ya sa na riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa duba gini sau biyu a mako.

Wata biyar ya biya cif, ranar ɗaya ga wata. Ina karɓa da dama ina miƙa wa banki da hagu, kuɗin ko ɗumin aljihuna ba sa ji, amma tafiyata ta canja. Har na fara tsayawa a gaban filayen mutane ina auna su da ido.

Sai aka zo tantance ma'aikata. Manya, Allah ya saka musu, sun gano ana biyan albashi ga mutanen da babu su a duniya, sai suka sayo wata na'ura mai ɗan karen tsada don ta zaƙulo su. Na'urar ta dubi Mai Hatimi, wanda ya shekara sha tara bai taɓa makara ba, ta ce babu shi. Aka tsayar da albashinsa. Amma an umarce shi ya ci gaba da zuwa aiki, domin duk wanda zai shigar da ƙorafin cewa akwai shi sai an buga wa takardarsa hatimi, hatimin kuma a hannunsa yake.

Wata huɗu ke nan ana haka. Biyun farko na biya banki daga abin da shago ya kawo, nama ya zama baƙo a tukunyarmu. Na uku da na huɗu na kasa. Bankin ya aiko da saƙo a waya, cike da ladabi, cewa in Juma'ar nan ta wuce ban kawo na wata biyu ba, za su karɓi gidan su taya ni sayar da shi. Yaya kuma ya daina kirana, abin da ya fi kiran tayar mini da hankali. Matarsa ce ta tsegunta wa maiɗakina cewa likita ya ba shi ranar aikin ido, kuma kuɗin aikin su ne a jikin bangon gidana. Duk iya shegena, wannan ban samu ta inda zan mayar da shi wasa ba.

Maiɗakina ta ce a ba su Mai Hatimi notis su tashi daga gidan, na ce to. Sau biyu ina zuwa da takardar a aljihu. Zuwan farko matarsa ta kawo mini ruwa a kofi da hannu biyu, ruwan da na san saye suke yi, na sha na yi godiya na tafi. Na biyu daga nesa na hango shi tsugune yana wanke rigarsa ta aiki, yana bin wuyan a hankali don kada ya ƙarasa yagewa, na juya kan babur. Maiɗakina ta ce ni ba namijin duniya ba ne, ta karɓi takardar ta tafi da kanta. Ta dawo da takardar a jaka, shinkafar da ta sayo a hanya kuwa ta ragu da rabi. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

To kun ji halin da nake ciki lokacin da takardar gayyata ta iso. Na nuna wa Farfesa a layin mai, ya riƙe ta nesa da ido, ya ce ai ya san zancen, tallafi ne ake raba wa ƙananan masu gidaje, har da lambar yabo ga waɗanda suka amsa kiran manya. Ya ce in gyara hula saboda masu ɗaukar hoto. Nan take na yafe wa layin. Awa biyu da rabi na yi kafin a sayar mini da lita biyu, don fiye da haka wai zalama ce, amma ina murmushi na karɓa, ina tsara jawabin godiya a kaina.

Harabar ofishin abin alfahari ce. Motoci sha biyu sababbi a jere, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Maigadi ya ce na Kwamitin Rage Kashe Kuɗi ne. Na tambaye shi mutum nawa ne a kwamitin, ya ce tara, sauran ukun saboda ko da wani abu. Na jinjina kai, irin hangen nesan da muka rasa ke nan mu talakawa. A ciki kuwa akwai benci uku, da fanka mai fiffike biyu da take hutawa. Taga ta ɗaya ta tura ni ta uku. Ta uku a rufe, an rataye kwali an rubuta yana zuwa, kwalin har ya yi ƙura. Ta biyu ta sayar mini da fom ɗin da ke ba mutum damar tambayar wane fom zai cika. Daga nan aka ce in je ta huɗu.

Na sunkuya na leƙa ta huɗu, sai ga farin gilashi. Mai Hatimi ne.

Ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi. "Maigida, barka da zuwa."

"Ranka ya daɗe," na ce, domin duk wanda ke bayan taga haka ake ce masa.

Muka tsaya kowa yana rusuna wa kowa, har na bayana ya ce in mun gama gaisuwar a ba shi wuri. Sai Mai Hatimi ya rage murya ya yi mini bayani. Babu tallafi, babu lambar yabo. Sabon haraji ne aka ɗora wa kuɗin haya, kashi goma cikin ɗari, ya fara aiki wata huɗu da suka wuce, kuma a lissafin ofis na karɓi hayar waɗannan watanni huɗu lafiya lau. Ya ce shi ya rubuta sunana a bayan ambulan da hannunsa, kuma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Na ce, "Haba Malam, kai ka fi kowa sanin abin da gidan nan ya kawo a wata huɗun nan."

"A matsayina na ɗan haya na sani sarai, maigida. A matsayina na ma'aikaci labarin bai iso ni a rubuce ba."

Ya ce akwai mafita. In ɗan haya ya rubuta shaidar cewa bai biya ba, za a soke harajin. Ya cire gilashi, ya ɗauki farar takarda, ya rubuta cewa shi wane, mazaunin gida kaza, ana binsa hayar wata huɗu, ya sa hannu, ya miƙo mini ta taga. Na karɓa na miƙa masa ta tagar. Ya mayar da gilashi, ya karanta daga sama har ƙasa kamar bai taɓa ganin rubutun ba, har da gyara wani harafi. Ya ɗaga hatimi sama, sai hannunsa ya tsaya. Ya tuna doka ba ta karɓar shaida daga mutumin da na'ura ta ce babu shi. Sai dai in oga ya sa hannu.

Na hau bene. Sakatariya tana yankan farce, ta ce oga yana wani otal a bakin teku, taron mako biyu kan yadda za a riƙa biya wa jama'a buƙata cikin gaggawa. Mataimakinsa ya raka shi. Mataimakin mataimakin kuma ya bi su da caja, sun manta ta.

Na sauko na zauna a benci a ƙarƙashin fankar nan. Turaren maiɗakina ya daɗe da barin jikina. Ina ta juya Juma'a a raina, da idon Yaya, da yadda zan shiga gida in ce mata ban da bashin banki da na wanta, na ƙaro mana na hukuma. Ina cikin haka lokacin hutu ya yi, Mai Hatimi ya rufe tagarsa ya zagayo ya zauna kusa da ni. Ya ciro ambulan mai kauri daga aljihu ya ɗora mini a cinya. Ya ce jiya ya sayar da babur ɗinsa. Wata uku ke nan yana tura shi fiye da yadda yake hawansa, ya ga in dai tafiyar ƙasa ce gara ya yi ta shi kaɗai ba da kaya ba. Hayar wata uku ce a ciki, da yamma ya yi niyyar kawo mini, amma tunda Allah ya kawo ni.

Na ce a'a, ina zai sayar da abin hawansa. Da baki na faɗa, hannuna ya riga ya danne ambulan.

"Maigida, wata huɗu ka rufa mini asiri, ko sau ɗaya ba ka ɗaga murya a gaban iyalina ba. Kuma na ga takardar da uwargida ta zo da ita, ta leƙo daga jaka. Karɓi, in samu in riƙa haɗa ido da kai."

 Na yi kamar ƙura ta shiga mini ido, shi ma ya shiga goge gilashi. Da na ƙirga kuɗin kuwa, wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Wata biyu na banki, gida ya tsira, wata ɗaya na Yaya. Na gaishe da maigadi sau biyu, na yi wa fankar fatan samun sauƙi, na kira maiɗakina ina magana kamar mai shelar cin gasa. Ta ce in sake ƙirgawa, in sa a aljihun ciki, kuma kada in biya ta rumfar Farfesa.

Hutu ya ƙare. Mai Hatimi ya koma bayan taga, ya gyara zaman gilashi, ya yi gyaran murya, ya kira sunana cikakke kamar ba shi ne ya tashi daga gefena yanzu ba. Ya sanar da ni cewa ofis ya samu shaidar gani da ido cewa mai gida ya karɓi hayar wata uku a cikin harabar ofis. Saboda haka an rage lissafi daga wata huɗu zuwa uku, kuma ana buƙatar kashi goma yanzu, kafin a tashi.

"Kai ma ka san ba zan ce ban gani ba," in ji shi, idonsa a kan takarda.

Na yi dariya har maigadi ya leƙo ya ga ko wani ne ya zautu. Na zaro kuɗin daga ambulan ɗin da ya ba ni, na miƙa masa ta taga, ya ƙirga da yawu a yatsa kamar bai san su ba, ya rubuta rasit, ya sauke masa hatimi har tebur ya amsa. Na ce yanzu kuma ya aka yi hatimin mutumin da babu shi ya yi aiki? Ya ce wajen karɓar kuɗi na'urar ba ta taɓa cewa babu wani ba.

Daga nan banki na wuce na sauke musu nasu. Abin da ya rage na Yaya ya ɗan rame, amma maiɗakina ta ce za ta cika daga kuɗin ƙanƙara, a kai masa gobe ya fara riƙewa, mu ga abin da wata mai zuwa zai yi. Ƙarfe huɗu na koma ofishin na ɗauki Mai Hatimi, don ba zan bar mutumin da ya sayar da babur saboda ni ya taka har bakin gari ba. Muna tafe yana riƙe da kafaɗata, mun wuce kasuwa, sai ya matso da baki kusa da kunnena, cikin ladabin nan nasa, ya ce tunda yanzu ya rage nauyi, yana so ya sanar da mai gida cewa rufin ɗakin yara yana yoyo, ƙofar banɗaki kuma da dutse ake tokare ta.

Ban san lokacin da bakina ya ce masa ya rubuto a takarda ba, kwafi biyu, za a kafa kwamiti ya duba, ya dawo mako mai zuwa. Ina jin yadda yake dariya a bayana har babur yana rawa. Asabar zan je da tsani da ƙusa, wannan tsakanina da ku ne. Amma jama'a ku daina zagin mutanen ofis ɗin nan haka. Wuni ɗaya na yi a cikinsu har na iya bakinsu, kuma wallahi maganar akwai daɗi a baki.